Nafila ce ko Farilla? Fashin Baƙi kan Jarrabawar Darasi ta Ganin Dama ga Mai Neman Jami'a a Amurka

Ɗalibin da ya taso a ƙarƙashin tsarin JAMB bai saba da a tambaye shi ko yana so ya rubuta jarrabawa ba. Darussa huɗu ne, Turanci dole ne a cikinsu, sauran ukun kuma fannin da yake nema ne yake yanke masa su, a tara makin a kan 400, shi ke nan. Idan irin wannan ɗalibi ya juya ga jami'o'in Amurka, inda 'yan Najeriya fiye da dubu ashirin suke karatu a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, sai ya tarar da wata kalma da take rikita shi da iyayensa duka: an ce masa jarrabawa kaza ta ganin dama ce, in ya so ya yi, in ya so ya bari. Wasu sukan fahimci hakan a matsayin rangwame su kama gabansu, wasu kuma sukan ɗauke shi tarko ne, su biya kuɗin duk jarrabawar da suka ji sunanta don kada a bar su a baya. Duka biyun sun yi gaggawa, domin amsar ta dogara ne a kan abin da takardun ɗalibin suka riga suka faɗa a kansa da abin da suka kasa faɗa.

Ya kamata a fara da kawar da wani ruɗani da har yanzu yake ɓata wa mutane lokaci. Jarrabawar da aka fi sani da wannan siffa, wato SAT Subject Tests, ba ta nan yanzu. Hukumar College Board ce take shirya ta, asalinta tun 1937 da wani suna, kuma a shekarunta na ƙarshe ta ƙunshi jarrabawa ashirin a fannoni biyar: adabin Turanci, tarihi, lissafi mai mataki biyu, kimiyya, da harsuna irin su Faransanci, Jamusanci, Sifaniyanci, Sinanci da Latin. Kowace awa ɗaya ce, tambayoyinta na zaɓen amsa ne, makinta daga 200 zuwa 800, kuma ɗalibi yana iya zama uku a rana guda. Ranar 19 ga Janairun 2021 hukumar ta sanar da soke ta a cikin Amurka nan take, waɗanda suke ƙasashen waje kuma aka ba su zama biyu na ƙarshe a watan Mayu da na Yuni na wannan shekarar. Duk wanda ya zo wa ɗalibi a yau da maganar shirya shi domin wannan jarrabawa, ko dai labarinsa ya tsufa ko kuma yana da wata manufa a kan aljihun iyaye.

Yadda ta mutu yana da darasi ga mai yanke shawara a yau. Jami'o'i ne suka yi ta sassauta ta sannu a hankali: daga wajabtawa suka koma cewa suna so a kawo, daga nan suka koma cewa in an kawo za su duba. Jami'ar Kalifoniya ta daina wajabta ta ga masu shiga tun 2012, Caltech da MIT, waɗanda suka fi kowa dogaro da ita saboda lissafi da kimiyya, suka yi watsi da ita a farkon 2020, sannan annobar korona ta zo ta rufe cibiyoyin jarrabawa. Dalilin da College Board ta bayar shi ne cewa ɗaya jarrabawar tata, wato AP, ta yaɗu sosai har ta wadatar. Masu lura sun ƙara da cewa AP ta fi tsada, kuma hukumar ba ta yi asara da wannan sauyi ba. Ko ma mene ne, tambayar ba ta mutu tare da jarrabawar ba, gida kawai ta sake.

A yau tana zaune a wurare uku. Na farko shi ne AP ɗin, jarrabawar darasi ɗaya ɗaya a matakin shekarar farko ta jami'a, mai darussa kimanin arba'in, ana yin ta sau ɗaya a shekara cikin watan Mayu, makinta daga 1 zuwa 5. Na biyu shi ne ACT, kishiyar SAT (su biyun ne manyan jarrabawowin gama-gari na neman shiga jami'a a Amurka). Ita ACT tun 2025 ta mayar da sashenta na kimiyya na ganin dama, ta bar Turanci da lissafi da fahimtar karatu su kaɗai suke haɗa babban makin da ake lissafawa a kan 36, ga kuma sashen rubutun insha'i da dama can ba dole ba ne. Na uku shi ne ita kanta SAT ko ACT gaba ɗayanta, a jami'o'in da suka ce kawo ta ba sharaɗi ba ne.

Mai karatu da ya zauna a gaban malamin fiƙihu zai fi saurin gane harshen ofisoshin ɗaukar ɗalibai, domin su ma hukuncinsu hawa hawa ne. Akwai abin da suka ce wajibi ne, wanda in babu shi ba za a ma buɗe takardun mutum ba. Akwai wanda suka ce suna ba da shawarar a kawo, kuma wannan a manyan jami'o'in da masu nema suka ninka guraben sau ashirin ya fi kusa da sunna mai ƙarfi, wadda barinta ba tare da uzuri ba yakan jawo tambaya. Jami'ar Georgetown ta shahara a da da cewa tana matuƙar so a kawo jarrabawar darasi uku, kuma masu nema da gaske ba su taɓa ɗaukar wannan magana da wasa ba. Akwai nafila ta sosai, wadda in an kawo za a duba, in ba a kawo ba babu laifi. Akwai kuma wanda ba a karɓa ko an kawo, kamar yadda Jami'ar Kalifoniya a dukkan rassanta ba ta kallon makin SAT ko ACT wajen ɗaukar ɗalibai. Aikin farko na ɗalibi shi ne ya karanta kalmar da kowace jami'a ta yi amfani da ita a shafinta na wannan shekarar, don jami'o'i goma da ke jerinsa suna iya faɗawa cikin hukunci huɗu daban daban, kuma jami'a ɗaya tana iya sassauta wa mai neman tarihi ta tsananta wa mai neman injiniyanci.

Kuma hukuncin yana sauyawa da sauri. Kwalejin Bowdoin ta daina wajabta jarrabawa tun 1969, amma sai a lokacin korona ne kusan kowa ya bi sahu. Daga baya ruwa ya fara komawa da baya: MIT ta dawo da sharaɗin a Maris 2022, Dartmouth da Yale a Fabrairun 2024, Brown a Maris, Harvard da Caltech a Afrilu na wannan shekarar, yayin da Columbia ta sanar a 2023 cewa ita ta bar shi na ganin dama. Wan ɗalibi da ya samu gurbi a 2021 ba tare da maki ko ɗaya ba, idan ya ba ƙaninsa shawara da abin da ya sani, yana iya jefa shi cikin rami da kyakkyawar niyya.

Idan an tabbatar cewa jarrabawar nafila ce ta gaske, sai a zo ga zuciyar lamarin. A ganina hanyar da ta fi dacewa a kalle ta ita ce a matsayin mai shaida da mutum zai kira da kansa gaban alƙali. Ba a kiran mai shaida don yawan mutane a zaure, ana kiransa ne don ya tabbatar da abin da ake shakka a kai. Jami'in da yake karanta takardun ɗalibi daga wata shahararriyar makarantar sakandare a Boston ya san ma'anar makinta, domin ya ga ɗaruruwan ɗalibanta sun wuce ta hannunsa. Idan takardar ta fito daga wata makaranta a Gusau ko Azare ko Tamale da bai taɓa jin sunanta ba, kashi casa'in da biyar a fiziks ba ya gaya masa ko malamin mai tsanani ne ko mai hannu sake. A nan ne makin waje, wanda aka auna da ma'auni ɗaya da na ɗan Seoul da ɗan Mumbai, yake da nauyin da ba shi da shi ga ɗan Boston. Saboda haka maganar da ake yawan yi a Amurka cewa jarrabawa ta rage daraja, gaskiya ce da aka faɗa da yaran can a zuciya, kuma ba lallai ta hau kan namu daidai ba.

Kalanda ma tana ƙara wa wannan ƙarfi. Zagayen masu neman gurbi da wuri yakan rufe ranar 1 ga Nuwamba, na gama-gari kuma a farkon Janairu, alhali ɗan aji ukun babbar sakandare ba zai zauna WAEC ba sai wajen Mayu da Yuni, sakamako ya fito wajen Agusta. Wato a lokacin da ake yanke hukunci a kansa, babu wata hukumar jarrabawa ta wajen makarantarsa da ta auna shi a matakin babbar sakandare. Wanda ya riga ya gama, yana riƙe da A1 a lissafi da ƙarin lissafi da fiziks da kemistiri, halinsa daban ne, domin jami'o'in da suka saba da ɗaliban Afirka ta Yamma sun san WAEC, kuma masu shaidarsa sun riga sun yi magana. Ƙara masa AP a lissafi zai iya zama maimaita abin da aka riga aka yarda da shi. Wanda ya fi buƙatarta shi ne mai giɓi: yana son injiniyanci amma makarantarsu ba ta da malamin ƙarin lissafi, ko ya yi rashin lafiya a wani zango makinsa na kemistiri ya faɗi, ko ya karanta fannin kasuwanci yanzu kuma yana so ya koma kimiyyar kwamfuta. Ga irin wannan, jarrabawa ɗaya da aka zaɓa da kyau tana toshe daidai ramin da jami'in zai tsaya a kai.

Sai dai mai shaida yana iya kwance wa wanda ya kira shi zani a kasuwa, kuma a nan akwai wata dabara ta lissafi da mutane da yawa ba sa lura da ita. Jarrabawar da ba dole ba, gwanayen darasin ne suke zuwa yin ta, don haka ma'auninta yakan hau sama. A tsohuwar jarrabawar lissafi mataki na biyu, kusan ɗaya cikin biyar na masu zama suna samun cikakken maki 800, abin da ya sa 700, wanda a ido yake da kyau, yake faɗawa ƙasa da tsakiyar jerin. A jarrabawar Sinanci kuwa, yawancin masu zama 'ya'yan gidajen da ake magana da harshen ne. Irin wannan ne zai sami ɗalibi daga Maraɗi ko Damagaram ko Garwa da ya yi duk karatunsa da Faransanci, sannan ya biya kuɗi ya zauna AP ta Faransanci ya ci 5: bai gaya wa kowa sabon labari ba, domin takardar bakaloriyarsa, wato shaidar kammala sakandare a tsarin Faransanci, ta riga ta faɗa. Abin da ake shakka a kansa shi ne Turanci, kuma can ya kamata kuɗinsa ya tafi. Abin lura, babu Larabci a jerin darussan AP balle Hausa, don haka ɗalibin da ƙarfinsa yake nan sai ya nemi wata hanyar nuna shi.

Kuskuren da yake kishiyar wannan shi ne ɓoye makin da zai yi amfani, kuma shi ne ya fi cin marasa galihu. Lokacin da Dartmouth ta dawo da sharaɗin jarrabawa, ta kafa hujja da binciken da malamanta suka yi, wanda ya nuna cewa ɗalibai da yawa daga gidaje da makarantu marasa ƙarfi sun riƙe makinsu ba su aika ba, saboda sun ga bai kai na yawancin waɗanda ake ɗauka ba, alhali da sun aika da ya taimake su, domin jami'ar tana auna maki ne da yanayin da ya fito. Maki 1400 a kan 1600 daga makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje yana faɗin abin da 1400 daga makarantar masu kuɗi ba ya faɗa. Jami'o'i da dama suna wallafa iyakar makin da rabin ɗalibansu na tsakiya suka samu, kuma shawarar da aka saba bayarwa ita ce a aika idan an shiga cikin wannan iyaka. Ni ina ganin ɗalibin da ya fito daga wurin da ba a sani ba yana da dalilin aikawa ko da ya tsaya a bakin iyakar ta ƙasa, domin rashin maki gaba ɗaya yana barin jami'in da zato, zato kuwa ba kasafai yake yi wa baƙo adalci ba.

Sannan sai farashi, wanda kuɗi ne mafi ƙanƙanta a cikinsa duk da cewa shi ma ba wasa ba ne. AP ɗaya a wajen Amurka tana kai wa kusan dala 130, SAT kuma ta haura dala 100 ga mai zama a ƙasashen waje, ban da kuɗin mota da masauki ga wanda cibiya ta yi masa nisa. AP tana da wata wahala ta musamman: ba a yin rajistarta kai tsaye kamar SAT, sai ta hannun makarantar da aka amince wa, yawanci makarantun ƙasa da ƙasa da ke manyan birane, kuma ba dole ba ne su karɓi ɗalibin da ba nasu ba. Rajistar takan rufe wajen tsakiyar Nuwamba, wata shida kafin ranar zama, sakamako kuma sai Yuli. Ma'anar wannan ita ce, in ana so makin ya shiga takardun neman gurbi, dole a zauna ta a aji biyu na babbar sakandare ko a shekarar jira bayan an gama. Wanda ya zauna ta a aji uku, ta faɗo masa a tsakiyar WAEC, kuma sakamakonta zai iso bayan an daɗe da yanke hukunci. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma duk sa'ar da aka ɗebe daga shirin WAEC ko SAT aka ba wa AP, an rage farilla ne don a yi nafila.

Manhajar ma ba ɗaya ba ce. Lissafin AP ya haɗu da ƙarin lissafin WAEC a wurare da dama, amma yana zurfafawa a wasu, kuma wani sashensa yana buƙatar kalkuleta mai zana jadawali wadda yawancin ɗalibanmu ba su taɓa riƙewa ba. Kemistiri da fiziks suna tambaya a kan tsara gwaji da fassara sakamakonsa fiye da haddar ƙa'idoji. Tarihin Amurka kuwa, sai dai wanda yake da wani dalili na musamman.

Akwai fa'ida ɗaya ta AP da ba ta shafi samun gurbi ba, kuma ita ce takan sa lissafin ya juya. Jami'o'i da yawa, musamman na jihohi, suna yafe wa ɗalibi kwas na shekarar farko idan ya kawo 4 ko 5, wasu ma har 3, kuma a ƙasar da ake biyan kuɗin karatu gwargwadon yawan kwasa-kwasai, dala 130 tana iya tsare dubbai. Amma wannan ma sai an bincika, domin manyan jami'o'i masu zaman kansu sun fi rowa a nan: Dartmouth, alal misali, ta daina lissafa AP cikin abin da ake buƙata don kammala digiri tun ga waɗanda suka shiga a 2014, sai dai ta yi amfani da ita wajen sanya ɗalibi a ajin da ya dace da shi. Haka nan wasu jami'o'in da suka ce jarrabawa ba sharaɗin shiga ba ce, suna ɗaure tallafin karatunsu da ita. Jami'ar Alabama ta daɗe da sanin mutane a kan tallafin da take bayarwa bisa makin SAT ko ACT haɗe da makin makaranta. Ga iyalin da ba za su iya biyan cikakken kuɗi ba, wato kusan kowa a cikinmu, gurbin da babu tallafi a tare da shi takarda ce kawai ta ajiyewa a akwati.

Batun sashen kimiyya na ACT ya fi sauƙi, kuma a nan ba na jin nauyin faɗin ra'ayina kai tsaye. Minti arba'in ne da ɗan ƙarin kuɗi kaɗan, a rana ɗaya kuma a kujera ɗaya, kuma abin da yake aunawa ya fi karkata ga karanta jadawali da zane da gane yadda aka tsara gwaji, ba haddar biyoloji ba. Tunda ba ya shiga babban maki, cutarwarsa kaɗan ce, amma wanda ya tsallake shi sannan ya gano cewa ɗaya daga cikin jami'o'insa tana so, sai ya sake biya ya sake zama. Duk mai neman injiniyanci, kimiyya ko share fagen likitanci ya yi shi. Sashen insha'i kuwa, jami'o'in da suke tambayarsa sun ragu ƙwarai, ita ma SAT ta soke nata a 2021, don haka a bar shi sai in wata jami'a ta ambace shi da suna.

Mutane sukan ce ai babu asara, in makin bai yi kyau ba sai a ɓoye. Sau da yawa haka ne, domin yawancin jami'o'i suna barin ɗalibi ya zaɓi abin da zai aika, kuma makin AP shi ne yake rubuta shi da kansa a fom. Amma ba ko'ina ba. Georgetown tana so a kawo mata dukkan zaman da aka yi na SAT da ACT, Yale kuma, wadda a 2024 ta yarda a cika sharaɗinta da AP ko IB (jarrabawar kammala sakandare ta ƙasa da ƙasa) a madadin SAT, ta ce wanda ya zaɓi wannan hanya ya kawo sakamakon duk darussan da ya zauna, ba waɗanda suka yi masa daɗi kaɗai ba.

Hanyar da ta fi tsare kuɗi da lokaci ita ce a auna kafin a biya. Tambayoyin AP na shekarun baya masu buƙatar rubutacciyar amsa suna shafin College Board kyauta tare da yadda ake ba su maki, manhajar kwamfuta ta hukumar mai suna Bluebook kuma tana da cikakkun gwaje-gwajen SAT. Ɗalibi ya rufe ƙofa, ya ajiye waya, ya saka agogo, ya yi ɗaya daga farko har ƙarshe ba tare da leƙa littafi ba, kamar yadda ake yin jarrabawar gwaji ta JAMB, wadda ita ma ta ganin dama ce. Idan abin da ya fito yana kusa da inda ake so, wata uku ko huɗu na shiri za su ƙarasa shi. Idan yana nesa, sa'o'in sun fi amfani a kan rubutun bayanin kai da ake nema a fom, da neman wasiƙun malamai masu ma'ana, da jarrabawar Turanci. Inda kalmar jami'a ta zo da harshen damo, a rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibanta gajeriyar wasiƙa, a faɗi ƙasa da irin takardar sakandaren da ake da ita da fannin da ake nema, a tambaya ko rashin wannan maki zai rage wani abu. Suna amsawa, kuma amsarsu ta fi ta kowane dillali. Cibiyoyin EducationUSA, na gwamnatin Amurka masu wayar da kan masu son yin karatu a can, da ke Abuja da Legas da Akara ma suna ba da irin wannan shawara. Tun daga 2025 kuma gwamnatin Amurka ta tsaurara ba da biza ga 'yan ƙasashen Afirka da dama, don haka kafin a kashe dala ɗaya a kan jarrabawar da ba a tilasta ba, a fara tabbatar da matsayin ƙasar ɗalibin a wannan shekarar, sannan a duba ko makin zai yi aiki a Kanada ko Ingila, inda jami'o'i da yawa suke karɓar AP, idan ƙofar Amurka ta ƙi buɗuwa.